Kai ba dutse ba ne: yadda ake auna dukan da ƴan ƙwallon ƙafa ke sha

Ranar 25 ga watan Janairu na shekara ta 2022, a garin Bafusam na ƙasar Kamaru, Senegal ta kara da Kap Ber a gasar cin kofin Afirka. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, Sadiyo Mane da mai tsaron gidan Kap Ber, Vozinha, suka tashi sama tare wajen neman ƙwallo, kawunansu suka gwabzu, su duka biyu suka zube ƙasa. Alƙalin wasa ya ba mai tsaron gidan jan kati. Shi kuwa Mane ya miƙe ya ci gaba da wasa, har ya jefa ƙwallo a raga. Mintoci kaɗan bayan haka sai ya kwanta a fili, aka fitar da shi, aka wuce da shi asibiti. Bayan kwana 5 ya sake shiga fili ya buga da Gine Ekwatoriyal.

Da yawa daga cikinmu sun kalli wannan wasa a fada, ko a shago, ko a gida, kuma abin da aka fi faɗa a ranar shi ne: "Wannan yaro namiji ne!" To amma likitocin ƙwaƙwalwa da suka ga abin ba yabo suka yi ba, tsoro ne ya kama su. A ganinsu, duk mintin da Mane ya ƙara a fili bayan wannan karo, caca aka yi da lafiyarsa. Mene ne suka sani wanda mu ƴan kallo ba mu sani ba? Kuma da wane ma'auni suke auna dukan da ido ba ya ganin rauninsa? Wannan shi ne abin da muke so mu bayyana wa masu karatu a wannan mako, domin al'amarin ya shafi ƴaƴanmu da ke buga ƙwallo kowace yamma a filin unguwa da na lakkwal.

Abin da ke faruwa cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo 1 da rabi ba. Abu ce mai taushi, tana zaune cikin wani ruwa da ke kewaye da ita a ƙoƙon kai. A kwatanta ta da kindirmo cikin ƙwarya mai murfi: in an girgiza ƙwaryar da ƙarfi, ƙwarya ba ta fashe ba, babu ko tabo a bayanta, amma kindirmon da ke ciki ya riga ya tsinke. Haka nan idan kai ya motsa farat ɗaya, ko ya tsaya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa takan jijjiga ta murɗe, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo daga sashe zuwa sashe su miƙe fiye da ƙima, aikinsu ya rikice. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira girgizar ƙwaƙwalwa.

Abubuwa biyu ne ke ruɗin mutane game da ita. Na farko, ba dole ne mutum ya suma ba: a cikin mutum 10 da abin ya sama, kamar 1 ne kaɗai ke suma. Sauran suna tsaye da ƙafafunsu, sai dai ciwon kai, da jiri, da gani dishi-dishi, da tashin zuciya, da ruɗewa. Na biyu, na'urar sikana ta asibiti ba ta ganin girgizar kanta. Abin da take nema shi ne zubar jini ko tsagewar ƙashi. Sabili da haka hoto na iya fitowa lafiya lau alhali ƙwaƙwalwar ba ta warke ba.

Misalin da duniya ta gani shi ne na Christoph Kramer na Jamus, a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2014 da Arjantina. Kafaɗar Ezequiel Garay ta same shi a kai, ya ci gaba da wasa kusan minti 15. Daga baya alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya ba da labarin cewa Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Wasu likitoci na birnin Toronto sun bi hotunan wasanni 64 na gasar, suka ƙirga karon kai 81, suka tarar 12 kaɗai ne aka fitar da ɗan wasan gefen fili ma'aikatan lafiya suka duba shi.

Ma'aunin da ake sa wa a baki

Ɗan kasuwa ya san cewa abin da ba a ɗora a sikeli ba, gardama ce kawai ake yi a kansa. Masana ma sun daɗe suna gardama a kan ƙarfin dukan da kai ke sha, har sai da aka sami ƙananan na'urori masu auna motsi, irin waɗanda ke cikin wayar salula suna juya hoto in an karkata ta. A ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano, tun shekara ta 2003 jami'ar Virginia Tech ta fara dasa su cikin hular. Ɗan ƙwallon ƙafa ba shi da hula, don haka sai da aka nemi wata dabara.

An fara da wani ɗan abu kamar kwabo da ake liƙawa a bayan kunne, da kuma ɗaurin kai mai na'ura. Sai aka gano suna ƙara gishiri: fata tana zamewa a kan ƙashi, saboda haka lambar da suke bayarwa takan zarce ta gaskiya, wani lokaci ma tsalle ko gudu kawai suke rubutawa a matsayin duka. Masu bincike na jami'ar Stanford sun gwada su, suka nuna cewa robar kare haƙora mai na'ura ta fi su gaskiya, domin haƙoran sama a manne suke da ƙoƙon kai, duk yadda kai ya motsa haka za su motsa. Ko da wannan roba, sai an haɗa da hoton bidiyo don a tabbatar da kowane duka. Hukumar wasan rugubi ta duniya ta wajabta irin wannan roba ga manyan gasanninta daga 2024: in duka ya wuce wani ƙa'idajjen ƙarfi, saƙo na zuwa ga likitan da ke bakin fili, a fitar da ɗan wasa a duba shi.

Abubuwa biyu na'urar ke aunawa. Na farko shi ne fizgar kai kai tsaye, gaba ko baya ko gefe, ana ƙirga ta da ma'aunin da ake kira "g". G 1 shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan kowane abu da shi. Kan babban mutum ya kusa kilo 5. In na'ura ta nuna g 20, kamar an ɗora wa kan nauyin buhun hatsi mai kilo 100 ne, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na biyu shi ne murɗawar kai, watau yadda yake juyawa a kan wuya. Tun a 1943 wani masani na Oxford, Holbourn, ya nuna cewa murɗawar ta fi yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna bisa ga fizgar kai tsaye. Shi ya sa dukan da ya zo ta gefen kai ko a haɓa ya fi kayar da mutum.

Abin da lambobin suka nuna

Ƙwallon manya, bisa doka, nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, kuma ƙaƙƙarfan bugu na iya tashin ta da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Yawancin dukan ƙwallo da ka da aka auna suna faɗawa tsakanin g 10 da g 30. Waɗanda suka fi ƙarfi su ne na ƙwallon da ta taso daga nesa: bugun mai tsaron gida, bugun kusurwa, da bugun tazara. A ƙwallon Amurka kuwa, inda aka fi tara alƙaluma, dukan da ke jawo girgizar ƙwaƙwalwa yakan kai kimanin g 100.

Wannan na nufin cewa buga ƙwallo da ka sau ɗaya, da goshi, mutum yana shirye ya ɗaure wuyansa, ba kasafai yake jawo girgiza ba. Wuyan da aka ɗaure yana haɗa kai da nauyin gangar jiki, sai fizgar ta ragu. Haɗarin yana wurin gwagwarmayar neman ƙwallon sama: kai da kai, gwiwar hannu da kai, kai da ƙasa. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan ƴan makarantun sakandare na Amurka ya nuna cewa karo tsakanin ƴan wasa shi ne sanadin kusan kashi 69 cikin 100 na girgizar da ta sami samari, da kashi 51 cikin 100 na wadda ta sami ƴan mata. Da aka kafa dokar ba da jan kati ga wanda ya kai gwiwar hannu a kai da gangan a 2006, raunukan kai a babbar gasar Jamus sun ragu da kashi 29 cikin 100.

Sai dai akwai iyakar da ma'aunin ya kasa wucewa. Babu wata lamba guda da za a ce daga nan girgiza ke farawa. An ga wanda ya ruɗe da dukan g 60, an ga wanda ya sha fiye da g 100 ya tashi garau. Shekaru, da ƙarfin wuya, da wurin da dukan ya sauka, da raunin da mutum ya taɓa samu a baya, duk suna canza lissafin. Na'ura tana faɗin ƙarfin duka. Ganin ko ƙwaƙwalwa ta taɓu ya rage ga likita, da alamomin da ɗan wasan ke nunawa.

Yau da gobe

Hausawa na cewa yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Tambayar da ta fi damun masana yanzu ita ce ta ƙananan dukan da ba su kayar da kowa, amma ana shan su dubbai cikin shekaru.

Jeff Astle, ɗan wasan gaba na West Bromwich Albion a Ingila, ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka. Ya rasu a 2002 yana da shekara 59, bayan ya yi fama da cutar gushewar tunani. Jami'in binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa cutar sana'a ce ta kashe shi. A 2014 Dokta Willie Stewart na Gilasgo ya sake duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da cutar da ake kira CTE, wadda tun 1928 aka fara bayyana irinta ga ƴan damben zamani. Har yau ba a iya tabbatar da wannan cuta sai bayan mutum ya mutu. Cikin ƴan wasa 11 da suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966, 5 sun gama rayuwarsu da cutar gushewar tunani: Ray Wilson, Martin Peters, Nobby Stiles, da ƴan uwan nan biyu, Jack da Bobby Charlton.

Wani zai ce ai gigin tsufa ne, yana samun kowa. Don a raba gardama, jami'ar Gilasgo ta kwatanta takardun lafiya na tsofaffin ƙwararrun ƴan wasan Sikotland 7,676 da na sauran jama'a 23,028 sa'o'insu. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa haɗarin mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka sau 3 da rabi ga ƴan wasan. A 2021 aka ƙara tantancewa: ƴan baya, waɗanda suka fi kowa tare ƙwallon sama, haɗarinsu ya ninka kusan sau 5, alhali na masu tsaron gida bai bambanta sosai da na sauran mutane ba, kuma gwargwadon daɗewar mutum a sana'ar, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Ba a kuma ga ya ragu ba daga waɗanda aka haifa a 1910 zuwa waɗanda aka haifa a 1969, abin da ya raunana zancen masu ɗora laifin duka a kan tsohuwar ƙwallon fata mai shan ruwa. A 2023 cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ta bi ƴan wasa 6,007: kashi 8.9 cikin 100 sun kamu da irin waɗannan cututtuka, a sauran jama'a kuwa kashi 6.2. A nan ma masu tsaron gida sun tsira.

Akwai kuma gwaji na kusa. A 2016 jami'ar Stirling ta sa ƴan wasa 19 su buga ƙwallo da ka sau 20, daga wata na'ura mai harbo ta kamar bugun kusurwa. Nan take makinsu a jarrabawar tuna abu ya faɗi da kashi 41 zuwa 67 cikin 100, ya koma daidai cikin awa 24. A birnin New York, Dokta Michael Lipton ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ƴan wasa 37 a 2013, ya ga canji a jijiyoyin waɗanda ke buga ƙwallo da ka fiye da kimanin sau 1,000 a shekara.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Binciken Gilasgo da na Suwidin ba su ƙirga dukan da kowane ɗan wasa ya sha ba. Alaƙa suka nuna tsakanin sana'ar da cutar. Kuma binciken Gilasgon ya tarar da cewa ƴan wasan ba su cika mutuwa da ciwon zuciya ko kansar huhu ba kamar sauran jama'a, sun kuma fi su tsira daga mutuwa kafin shekara 70. Ƙwallo tana gina jiki. Abin da ake nema shi ne a rage dukan da babu amfani a cikinsa, akasari na wurin horo.

Matakan da aka ɗauka

Amurka ce ta fara: a watan Nuwamba na 2015 ta hana yara masu shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, ta kuma ƙayyade shi ga masu 11 zuwa 13. A 2020 Ingila da Sikotland da Ailan ta Arewa suka hana shi wurin horar da ƴan firamare. A 2021 Ingila ta shawarci ƙwararrun ƴan wasa da kada su wuce ƙaƙƙarfan duka 10 da ka a horon mako guda. A 2022 Sikotland ta hana horon dukan ƙwallo da ka a jajibirin wasa da kashegarinsa. Daga ranar 1 ga watan Yuli na 2024, dokokin ƙwallo na duniya sun ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman ga wanda ake zaton ya sami girgiza, ba tare da an ci wa ƙungiyarsa canjin da take da shi ba. A watan Satumba na shekara ta 2024, FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka buɗe yaƙin wayar da kai, suna jan hankali cewa alamomin na iya ɗaukar har awa 72 kafin su bayyana.

Namu rabon aikin

Babu mai tsammanin ƙungiyar unguwa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, za ta sayi robar haƙora mai na'ura. To amma darasin da waɗannan ma'aunai masu tsada suka koyar bai buƙaci ko dala ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai horaswa ko malamin wasanni na iya yin awonsa da kaye da bik: ya rubuta sau nawa kowane yaro ya buga ƙwallo da ka a mako, da ranar da ya taɓa buguwa a kai. Yaran firamare a bar su su koyi wasa da ƙafa. Wuyansu bai yi ƙwari ba, kansu kuma babba ne in an gwada da jikinsu. Alhazan da ke sa kofi a gasar babban hutu, ko suke ba da kyautar ƙwallaye, su sayi lamba 4 ko 3 domin yara maimakon lamba 5 ta manya, kuma kada a cika mata iska har ta zama dutse. Doka ta yarda da ma'aunin iska daga 0.6 zuwa 1.1, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙwallon da ke kusa da ƙasan wannan iyaka ta fi sauƙin duka. Wanda ya sa kuɗinsa a gasa yana da bakin gindaya sharaɗi: a sami ma'aikacin lafiya a bakin fili, kuma duk wanda ya bugu a kai ya nuna alama, ya gama wasan ranar.

Mun saba in yaro ya faɗi a kwara masa ruwa a kai, a ce rana ce, a ce ya tashi shi namiji ne. Haka aka yi wa Nordin Amrabat na Maroko a gasar duniya ta 2018, aka fesa masa ruwa ana marin kumatunsa. Daga baya ya ce bai tuna wasan ba. Ruwa ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta girgiza. A duba: ya daɗe a kwance? Yana tangaɗi? Idonsa ya kafe? A tambaye shi: a wane fili muke? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa kuka buga makon jiya? In ya kasa ko da guda, a fitar da shi. In ya amsa duka amma zuciya ba ta kwanta ba, a fitar da shi. Kada a bar masa zaɓi, domin wanda ya ruɗe ba ya sanin ya ruɗe. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya jawo kumburin da ke kisa. Abin ba ya yawan faruwa, amma yara da samari ya fi samu.

A garzaya da shi gidan likita nan take idan ya suma, ko yana ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko ya yi farfaɗiya, ko barci na rinjayarsa, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko yana ganin abu biyu-biyu. In yana kukan wuya, kada a ɗaga shi sai ma'aikatan lafiya sun zo. A ranar farko kada a bar shi shi kaɗai, kada ya tuƙa babur, kada a ba shi asfirin ko tiramol ko wani ƙwayar ƴan tebur. Ya huta kwana 1 zuwa 2, sannan ya koma karatu da motsa jiki sannu a hankali. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 domin wasannin unguwa da na makarantu ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21.

Senegal ta ɗauki kofin 2022, kuma Mane ne ya buga fanaretin ƙarshe a ragar Masar. Ya fita lafiya, da likitoci da asibiti a bayansa. Yaron da zai faɗi gobe a filin unguwarmu ba shi da kowa sai manyan da ke tsaye a bakin fili. Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya sa mu dace.